Ƙofar da Aka Toshe

Garwa, 2009

Zuwa ga ɗana Hamadu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, zancen uwarka ne, Yaya Mairamu, wadda kake kira Dada. Mantuwar ta ƙaru. Kullum da safe sai ta ɗaura ɗankwalinta na sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ta tafi kamfanin auduga, ta tsaya a bayan katanga inda ƙaramar ƙofar baƙaƙe take a da. Ka san ita ta ja ma'aikata yajin aiki har aka toshe ƙofar nan, muka riƙa shiga ta babbar ƙofa tare da Turawa. Yanzu ta manta ta ci nasara. Tana fuskantar bulo, tana jiran a buɗe. Wallahi tsoro nake ji.

Innarka ce ta raine ka, ka zo ka gani.

Rabi'atu

Ngawundere

Inna,

Ina gaisuwa da ladabi. Lodin motoci ya riƙe ni. Ki sa kwaɗo a ƙofar gida kafin mota ta kaɗe Dada. Ƙarshen wata zan aiko a kawo ta nan. Allah ya ƙara girma.

Hamadu

Garwa

Hamadu,

Na amsa gaisuwarka, kwaɗonka kuma riƙe abinka. Matar da jandarma suka kasa kullewa, ni zan kulle? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, zo ka faɗa mata da bakinka.

Jiya na ja ta har babbar ƙofa. Mai gadi ya san ta, ya wangale ya ce, “Shigo, Mama, naki ne.” Ta ja ta tsaya. Ta ce, “Ni kaɗai? Ina Berthe? Ina Fati mai shara? Ina Idrisa? Ba na shiga in bar su a rana.” Ta waiga tana yafuto su da hannu, kamar suna layi a bayanta. Hamadu, dukansu suna ƙasa, Fati ma ni na yi mata wanka. Amma yadda ta matsa gefe tana ba su hanya, sai da ni ma na waiga.

In ka ɗauke ta, wa za ta ce ya tsaya musu? Na yi kuka har na gaji.

Ka huta lafiya.

Rabi'atu

Ngawundere

Inna,

Na gaishe ki. A bar kwaɗon. Ina tafe ran Asabar. Ki gaya wa Dada ta sami mutum ɗaya a layinta, mai rai.

Ɗanki,
Hamadu