Askar Gidanmu a Kan Safiya

Zuwa ga mahaifina, Baba Wanzami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko da kana raye ma sai an karanta maka. Amma tun safe na rasa inda zan sa kaina, na share tsakar gida na sake sharewa, shi ne na ce bari in zauna in gaya maka abin da dokarka ta jawo mana. Masu bin shafina ku yi haƙuri, yau maganar gida ce.

Safiya ba ta da lafiya, Baba. Jikarka, wadda ka yi wa askin suna kana tsokanar wai sabuwar matarka ta zo maka da kai kamar ƙwarya. Yanzu tana firamare a nan Takur. Da ciwon kai abin ya fara, sai amai da sassafe, sai na ga idonta na hagu ya soma karkacewa. Aka tura mu Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likita ya juyo mini da allon kwamfuta, ya sa bakin biro a kan wani farin tabo can ƙasa, ya ce ƙari ne.

Ya ce wuƙa ba ta isa wurin sai ta yi ɓarna a hanya. Maganin da ake sawa ta jijiya kuma ba ya shiga sosai, don Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge da ke tare abin da jini ya ɗauko. Na tambaye shi to yaya ke nan, mu koma gida mu zuba mata ido? Shi ne ya haɗa mu da wani asibiti a ƙasar waje inda ake gwada wata hanya.

Da kana nan da ka ce a sake maka bayani, na san ka da son sanin yadda ake aiki. Ƙaramin rami ake hudawa a ƙoƙon kai, a kafa wani ɗan ƙarfe mai saiti a kansa. Sai a shigar da yarinya cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a zura bututu siriri kamar tsinken tsintsiya, likita yana kallon hoton yana ganin inda bakinsa ya kai. In ya isa cikin ƙarin, sai a riƙa tura maganin a hankali a hankali, ana kallo a allo yana bazuwa. Ba su ce mana za ta warke ba. Sun ce akwai fata, sun kuma ce ƙarin kada ya wuce wani girma kafin mu iso.

Muka shirya. Akwatunanmu suna nan a bakin ƙofar ɗaki, har yau ban kwance su ba.

To ga inda ka shigo. Kai ne kake cewa, “Kan jinina, askar gidana. Baƙon ƙarfe ba ya hawa kan jikana.” Ka faɗa a zaure, ka faɗa a rumfarka ta kasuwar Ringim, ka faɗa wa Yaya Sale ranar da ka miƙa masa zabirarka. Mu duka mun taso da ita kamar karatu.

Ina ofis ina neman izinin tafiya, ashe labari ya kai gida Taura cewa za a aske wa Safiya kai a can. Yaya Sale ya hau mota da zabira, ya biya ya ɗauko ƙanwarka Gwaggo Laraba, suka sauka a gidana. Mahaifin yarinyar yana nan, amma ka san shi da kunyar surukai, bai hana su ba. Na dawo na tarar da kitsonta a ƙunshe cikin tsumma, ita kuma tana zaune a tabarma da kai tal kwabo tana mini dariya.

Wallahi ba askin ne ya tsayar mini da numfashi ba. A saman kanta, ɓangaren dama, akwai yanka. Yaya Sale, mutumin da ban taɓa jin ya ji wa jariri ciwo ba! Gwaggo ta ce kuka yake yi yana askin, askar ta goce masa. Ya barbaɗa mata garin nan naka na tsayar da jini, suka ce ai shi ke nan.

Ba shi ke nan ba ne. Wurin ya kumbura, ya tara ruwa. Na ɗauki hotonsa a waya na tura wa likitar can. Ta kira ni da kanta, ta ce daidai nan za su huda, kuma duk ƙwayar cutar da ke kan fata za ta iya bin bututun har cikin ƙwaƙwalwa. Ta ce su ba sa ma sa aska, da inji suke rage gashin ɗan wurin, don gudun irin wannan. Sai ciwon ya warke sarai, a sake ɗaukar hoto a Kano, sannan su ga ko har yanzu za su karɓe ta.

Na yi wa Yaya Sale faɗan da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Ya sa takalminsa ya fita. Amma gaskiya ba shi kaɗai nake jin haushi ba, har da kai, Baba. Haba Baba! Ka kafa doka ka tafi, ba ka bar mana wanda za mu je wa mu ce yau fa ta ƙi ba.

Allah Ya yafe mini. Ina faɗa ina tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ina ƙarama, ka fasa cin kasuwa, ka zauna ka ɗora tafinka a goshina har rana ta yi tsaka. Hannunka yana ƙamshin sabulun aski. Na san ba girman kai ya sa ka kafa dokar nan ba. Ka ga yadda wasu ke aske yara goma da aska ɗaya ba wanki, ka ce naka ba za su shiga wannan ba. Mu ne muka riƙe maganar muka mance dalilinta.

Yanzu aikina ke nan, duba kan yarinya. In duba in ta tashi, in duba bayan azahar, har ta fara kauda kai in ta ga na nufo ta. Ciwon waje yana warkewa, na gani da idona. Na cikin ne ba na gani. Jiya kofi ya suɓuce daga hannunta na hagu, ta ce santsi ne. Na ce e, santsi ne, na shiga kicin na tsaya ina kallon bango.

Yau da safe ɓawon ciwon ya faɗi, fatar ta haɗe. Na tura wa likitar hoto, alama ta nuna ta buɗe, ba ta amsa ba tukuna. Wayar tana nan kan cinyata ina wannan rubutu, ko motsi ta yi sai gabana ya faɗi.

Gashin kuma ya tsiro, Baba, baƙi wuluk. In Allah Ya sa suka karɓe mu, baƙuwar mace ce za ta rage shi da injinta, a garin da ba wanda ya san sunanka. Safiya ta gane haka da kanta. Ɗazu tana shan koko ta tambaye ni ko kai, mijinta na Taura, za ka yi fushi da ita in wani ya taɓa mata kai.

Na ce mata ka yarda. Na ce kai da kanka ka ce a je.

Ya Allah Ka ji ƙan mahaifina, Ka yalwata masa makwanci. Ka tsayar da abin nan inda yake har mu isa, Ka daidaita hannun wadda za ta riƙe bututun, Ka kai maganin inda ya kamata. Ka sanyaya zuciyar Yaya Sale, wanda har yau bai ɗaga wayata ba.

Na ari bakinka ban tambaye ka ba, Baba. Don Allah kada ka ƙaryata ni.

'Yarka,
Binta
Takur, Dutse