Rediyon Jirgin Yaƙin da Ka Bar Mini

Zuwa ga Abu Salim,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ko da ranka sai na zare maka abin sauraro daga kunne kafin ka ji ni, don haka bambancin kaɗan ne.

Madalla da gadon da ka bar mini. Mazan wasu sun bar fili, kai ka bar baƙin akwatin rediyo da aka ciro daga mataccen jirgin yaƙi, wanda ya girme mu duka. Ka haɗa mini da abokanka uku, masu hira da duniya ta rediyo. Tun da na fita takaba, duk Alhamis bayan la'asar suna falonmu a unguwar Shisha. Ina jiyo su ta bayan ƙofa: ranar da ka kinkimo shi daga gwanjon Jidda, yadda ƙwayayen gilashinsa ke yin ja kafin ya fara magana, ranar da wani tsoho a Japan ya amsa maka. Tsohon nan na Japan, na san shi fiye da dangina. Buta uku suke shanyewa, kamar daga famfo shayin ke zubowa.

Kowannensu ya rantse shi ka yi wa alkawarin akwatin. Na yarda da su duka, na san bakinka. Da suka ga za su ɓata, sai suka yanke cewa duk wanda ya samo madadin ƙwan gilashin da ya mutu a ciki, shi zai ɗauka. Sun rubuta har ƙasashen waje, an ce an daina yin irinsa.

To, Abu Salim, ƙwan bai mutu ba. Yana cikin gwangwanin allurata, naɗe a auduga.

Likita ya ce ka riƙa tafiya da yamma saboda zuciyarka, kai kuma ka manne a kujera. Wata Juma'a kana masallaci na buɗe akwatin na zare ƙwan mai kyau, na sa ɗaya daga cikin matattun da ka ƙi zubarwa, mai lamba iri ɗaya. Shekara ashirin ina sayar da turare, musanya kwalba ba ya ba ni wuya. Na ɗauka in ya yi shiru za ka fita. Ka fita? Sati biyar ka yi sunkuye a kansa da tabarau, kana zargin hannunka, har ranar da aka ɗauke ka zuwa asibiti. Kullum ina cewa gobe zan mayar.

Yanzu in na ba ɗayansu ƙwan, biyu za su daina gaishe ni, akwatin ya tafi, Alhamis ta zama kamar Laraba, ba mai ƙara ambaton sunanka a falon nan. In na riƙe, na bar tsofaffi uku suna wahalar banza irin wadda na ba ka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, ko da yake da ka ji maganar likita da ba mu kai nan ba. Jibi za su dawo. In na fito da shi, in ce musu a ina na samo?

Taka,
Ummu Salim mai turare