Hular Tsako a Kan Bel

Yaya tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yaran. Ya ƙafar? Tunda wayarki ta faɗa ruwa kin mai da ni 'yar makaranta, yau ga ni da biro, sai ki yi haƙuri da rubutun kaza.

Na koma aiki. Kowa cewa yake na yi gaggawa, ni kuwa zaman ɗakin ne ya ishe ni tun rasuwar ɗana Tsako. Kin ce ba ki gane aikin ba. Motoci ne ke zubo sharar gari, ta hau bel, wato doguwar robar da inji ke ja, tana wucewa ta gabanmu. Mu namu tsince abin da ba ya ƙonewa: ƙarfe, kwalba, batir, gwangwani. Sauran ya faɗa tanderu, wutar ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, shi ne lantarkin. Warin da nake yi miki ƙorafi a da, wallahi yanzu ban ma jin shi. Ta gefena, Rediyo muke ce mata don bakinta ba ya hutawa, ta ce ko hancina ya yi ritaya ne. Na yi dariya don kar ta ji kunya.

In na dawo sai in kwanta in ta latsa waya. Ban san me nake kallo ba.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya yara?

Baban Tsako ya yi wani abu. Ina wurin aiki ya tattara kayan yaron a baƙar leda ya kai kwandon sharar bakin layi. Wai don in huta da kallonsu. Har da hular ulu rawaya da kika saƙa masa, wadda yake tauna igiyarta. Kafin in dawo mota ta kwashe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in yi masa ihu, Allah sarki. Na ce ya ci abinci? Shi ne ya fashe da kuka, ni ina tsaye ina kallon maɓallin rigarsa.

Na tambayi direban motar sharar, ya ce sharar unguwarmu gobe da safe za ta hau bel. Na roƙi Rediyo mu yi musayar wuri, in koma ƙarshe, dab da bakin tanderu, don in fi samun lokacin hangowa. Doka ce, duk wadda ta sa abu a aljihu korarta ake, ga kyamara a saman kanmu. Su kora. Hular kawai nake so.

Ki yi mini addu'a.
Auta

Yaya,

Fatan kin tashi lafiya. Ki gaida yaran.

Na gan ta. Injin da ke yage ledoji ya watsa kayan, wandonsa na fara gani, sai tawul. Can sai ga ta tana tahowa a hankali, ta kwanta a kan ɓawon lemo, ko datti ba ta yi sosai ba. Na shirya hannuna tun daga nesa. Ta zo daidai cikina.

Yaya, gwangwanin madara na ɗauka. Yana gefenta. Hannun ya saba, abin da ba ya ƙonewa yake bi. Na jefa shi a kwando kamar kullum, ina juyowa hular ta wuce labulen robar da ke bakin tanderu.

Akwai jan maɓalli na tsayar da bel, a gwiwata yake. Sai daga baya na tuna da shi.

Rediyo ta leƙo ta ce, "'Yar uwa, kin samu?" Na girgiza kai. Ta koma wurinta ta ci gaba da tsinta har aka tashi.

Da na isa gida akwai wuta. Baban Tsako yana guga. Ya ce ya aiki, na ce da godiya. Na jona wayata a caji na zauna kusa da ita, fanka tana juyawa a kanmu.

Na san halinki, kina karanta wannan za ki aika a sayo ulu. Don Allah kar ki saƙa wata.

Ƙanwarki,
Auta