Muryar Baba a Cikin Kwamfuta

Assalamu alaikum Yaya Aminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya karatu, ya sanyin can? Mu nan Ƙofar Durbi lafiya lau, ƙafar Hajiya ma ta yi sauƙi.

Ka san Kabiru ya zuba karatun marigayi Baba a kwamfutar da ka aiko, kafin kaset ɗin su ƙarasa lalacewa. To, tunda farar hula suka dawo mulki aka kawo wa ofishinsu kwamfutoci, abokan aikinsa ke yaba masa wata babbar manhaja ta kyauta. Wai tana zama tare da tsohuwar manhajar da ke cikin kwamfuta, in ka kunna ka zaɓi wadda kake so. Ya saka ta a kwamfutar gida. Da ya kunna, sabuwar kaɗai ta fito, muryar Baba babu alamarta.

Yaya, ban taɓa ganin ƙanenmu haka ba. Ya daina cin abinci, yana gudun ɗakin Hajiya. Da ta matsa masa, ya durƙusa ya faɗa mata yana hawaye. Sai ta ce, "Mai muryar ma haƙurinsa muka yi, Kabiru. Tashi ka ci tuwo."

Wani mai gyara a Kambarawa ya ceto rabin karatun, sauran ya tafi. Don Allah in ka rubuto kada ka yi masa faɗa, ya ji a jikinsa.

A sa mu a addu'a. Hajiya na sa maka albarka. Ka gaida mutanen gidan.

Ƙanwarka,
Binta