Hammana ya ce ya kama Dada a cikin gilashi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, wallahi kaina ya kulle.

Ni mace ce, ina ɗinki a Nassarawo nan Mubi, mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana da nake kira Hamma. Shi mai sayar da wayoyi ne a kasuwa, mutum ne mai son sabon abu, in bai taɓa da hannunsa ba hankalinsa ba ya kwanciya. Bara ya sayo wani gilashi ƙato da ake ɗaurawa a kai ya rufe ido gaba ɗaya, wai kana ganin ɗakin da kake ciki kuma kana ganin bidiyo a tsakiyar ɗakin kamar gaske. Muka yi ta yi masa dariya, har Dada, wato mahaifiyarmu, tana ce masa mai idon kwaɗo. Ya ce mu yi ta dariya, haka aka yi wa masu magana da abin kunne na waya a titi, aka ce sun zare, yau har Bappa ƙanin babanmu yana da shi.

Da wannan abin ya ɗauki Dada bidiyo wata rana tana tsinke zogale a ƙofar ɗakinta. Bayan sati uku ta kwanta zazzaɓi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abarsa.

Tun daga nan Hamma ya canza. Da ya dawo kasuwa sai ya ɗaura abin ya zauna a ƙofar ɗakinta. Ranar sadakar arba'in Bappa ya shigo da baƙi, suka tarar da shi a durƙushe gaban tabarmar da babu kowa a kai yana cewa sannu da aiki Dada. Bappa ya yi sallama, ya amsa amma bai cire ba. Bappa ya ce ya cire, Hamma ya ce ai yana ganinsa sarai ta ciki. Bappa ya ce shi kuma ba ya ganin idonsa, kuma bai taɓa gaisawa da mutumin da ba shi da ido ba. Baƙin suka fita ko ruwa ba su sha ba.

Abin da ya ƙarasa ɓata komai kalma ɗaya ce. A majalisarsu aka tambaye shi me yake kallo, shi da bakinsa ya ce, "Dada ne a ciki, na kama ta kafin ta rasu." Ɗaukar bidiyo yake nufi, haka suke faɗa a kasuwar waya. To ku kun san wanda ake cewa ya kama mutum. Kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa cewa Hamma maye ne, ya kama kurwar uwarsa ya kulle a gilashi.

Yanzu mata sun daina kawo mini ɗinki gida. In Hamma ya fito, ana tashi daga benci. Maman Rifkatu maƙwabciyarmu, 'yar Michika ce, shekara ashirin suna tare da Dada, ta ja ni gefe ta ce, "Yarinya na, ki gaya ma Hamman ki ya cire wannan abu. Abin da na ji samari suna faɗi, ba zan iya maimaita ba." Shekaranjiya da hantsi muka tarar an jera duwatsu a bakin ƙofarmu, ba a jefa ba, an dai jera. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na roƙi Hamma har da kuka, ya ce jahilci ne, nan gaba kowa zai yi yawo da shi a fuska. Na ce wataƙila, amma mu yau muke zaune a unguwar nan. Bappa kuma ya kira ni ya ce ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin Dada inda ake ajiye abin, in kawo masa ranar Juma'a a fasa shi a ƙofar masallaci kowa ya gani, in ba haka ba ya cire hannunsa, duk abin da ya samu Hamma kada a neme shi.

Jiya na shiga na ɗauko da niyyar kai wa Bappa. Sai na ce bari dai in ga abin da ya haukata shi, na ɗaura. Jama'a, ga Dada zaune a inda take zama, da zanenta mai ruwan goro, ta ɗago ta ce, "Ke zo ki taya ni mana." Da ni take, ranar ina wurin, kuma na tuna ce mata na yi ina da aiki. Na daɗe a durƙushe, sannan na mayar da shi na kulle ɗakin.

Hamma ya ce bidiyon ba ya zama haka sai a cikin gilashin. In na kai an fasa, na raba mu da ita karo na biyu, kuma Hamma ba zai yafe mini ba. In na bari, ina tsoron duwatsun nan. Me zan yi? Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena, gobe Alhamis.