Jan Bik ɗin Baba Mushe

Gaya, daren Laraba

Da la'asar na sayi soyayyen kifi a bakin kogi, aka naɗe mini a takarda. Ina buɗewa na ga rubutun marigayi surukina Baba Mushe, tsohon malamin makaranta, da jan bik ɗinsa, wato biro, mai ya jiƙe shi sharkaf. Ashe bayan sadakar arba'in Yaya Sani, wan maigidana, ya kwashe takardun darasin Baba ya rabar wa masu suya, wai zai zuba buhunan shinkafa a ɗakin.

Mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu, har Bengou yana zuwa a keke. Shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa yi mini dariyar littattafan soyayyata ba. Cewa yake, "Ɗiyata, ƙarasa ki ba ni labari."

Na nuna wa maigidana, ya ce, "Takarda ce fa, Hadiza. Yayana ne, me zan ce masa?"

Akwati ɗaya na takardun Baba ya rage, na jawo shi ƙarƙashin gadona. Mai son sa sai ya ɗaga ni tukuna.