Furen Ya Iso, Bishiyar Ta Faɗi

Zuwa ga aminina Agali, a garkarsa ta Abzin.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar tsohon abokin aiki, ina gaida iyali da duk wanda yake shan ruwan rijiyarka. Ni ne Mamman Sani, direban motar ruwa, nan Arlit inda ka bar ni. Na sa ɗiyata Rakiya ta rubuta wannan a shafinta, don ɗanka ya karanta maka a waya tunda idonka ya yi rauni, kuma don tsofaffin ma'aikatan kulob da suka watse su ji gaba ɗaya. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya.

Saƙonka ya iso. Iliya mai kamiyon albasa ya kawo mini shi har ƙofar gida, furen namijin dabino a naɗe cikin tsohon rawani, kamar kowace shekara in sanyi ya ja baya. Na karɓa na yi godiya. To amma Agali, babu inda zan sa shi. Bishiyar da ka bar mini amana a filin golf ta faɗi, mako guda kafin zuwan Iliya.

Yaran da ke karantawa ba su san zancen ba, saboda haka ka yi haƙuri in koma baya.

Ka tuna lokacin da kamfanin haƙar ma'adinai ya gama gina wa manyansa kulob, da wurin wanka da wurin cin abinci, sai wani annasara da muke ce wa Mai Lofe ya ce saura filin golf. Ba wanda ya san mene ne a cikinmu. Ya bi hamadar bayan kulob yana ajiye duwatsu masu farin fenti, ya ce a nan za a haƙa 'yan ramuka, mutum ya riƙa bugun ƙwallo da sanda har ta faɗa ciki. Ni aka ba jigilar ruwa. Kai kuma aka ɗauko ka daga Abzin saboda an ce mutanenku ko a kan dutse sai sun fid da albasa.

Mai Lofe ya nuna maka da hannu, ya ce daga nan zuwa can yana son kore, ya hau jirgi ya tafi hutu. Kai kuma ka yi abin da ka gada. Ka yanka filin nan fangali-fangali, ka ta da kunya, ka ja magudanar ruwa a tsakani, tsaf kamar za a zuba alkama. Wallahi aikin ya yi kyau, ni kaina na yaba. Mutumin ya dawo, ya buga ƙwallonsa ta farko, ta gangara cikin magudana ta bi ruwa. Ya cire lofen daga bakinsa ya tsaya yana kallonka, kai ma kana kallonsa kana jiran yabo. Washegari katafila ta baje aikinka na wata da watanni, ka yi kwanaki ko shayi ba ka dafa mana ba.

Aka kawo irin ciyawa daga ƙasarsu, ta fito kuwa. Raƙuman makiyayan wajen Dannet suka riga 'yan wasa sanin ta fito. Aka kewaye da waya, awaki suka bi ta ƙasa. Abin da dabbobi suka rage, zafin bazara ya ƙone shi ƙurmus. Na yi ta zuba ruwa har na fara jin kunyar matan gari da nake wucewa suna layi da bido a bakin famfo.

Daga ƙarshe aka haƙura da kore. Aka koma tankaɗe yashi, a kwaɓa shi da baƙin man da aka juye daga injin motoci, a shimfiɗa kewaye da kowane rami. Kai ne mai jan guntun bututun ƙarfe a kai don ya kwanta bayan kowa ya wuce. Kowane ɗan wasa kuma yana yawo da ɗan kilishin ciyawar roba kamar dadduma, ya ajiye, ya ɗora ƙwallo, ya buga, ya ɗauke abinsa. Hankaki su ma suna surar ƙwallon, suna zaton ƙwai ne. Haka filin ya fara, haka kuma ya zauna shekara da shekaru, yana warin gareji.

Abin ya tsaya maka a rai. Ka ce kai ba ka baro garkar ubanka don ka zo noman baƙin mai ba. A bakin rami na ƙarshe akwai tiyon da yake yoyo, ba wanda ya damu ya gyara. Da ka je gida hutu sai ka dawo da 'yar dabino da ka cire daga gindin uwarta, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ni na ɗauko ku daga tasha, ka rungume ta a gaban mota, ka hana ni gudu. Ka dasa ta a bakin yoyon nan, Mai Lofe bai hana ba. Da ta yi tsawo ma ita suke dubawa daga nesa su saita bugu, kuma a inuwarta suke tsayawa shan ruwa.

Shekarar da ta fara fure, 'ya'yan suka fito ƙanana, ba ƙwallo a ciki, ba zaƙi. Na yi maka tsiya na ce ka kawo juya. Ka ce mini, “Baƙuwa ce a nan, mijinta yana Abzin.” Tun daga nan kowace shekara sai an aiko maka da furen namijin garkarku. Ka hau, ka tsattsaga shi sili-sili ka cusa a cikin furen macen, ka ɗaure da ganye. Da kaka ta yi, daga gardi har masu dafa abinci kowa sai ya tafi gida da dabino a aljihu.

Da tari ya matsa maka ka ajiye aiki, ni ka koya wa ɗaurin furen. Ka ga yadda na hau tsanin kulob da wannan tumbin nawa, ƙaya ta yaga mini wando, kana ƙasa kana dariya har tarin ya sarƙe ka. Ranar da za ka tafi ba ka ce in kula da gidanka ko kayanka ba, bishiyar kaɗai ka ambata. Ban tsallake shekara ko ɗaya ba, Allah shaida ne.

Ka san yadda gari ya koma. Annasaru sun tafi, an rufe kulob, an datse ruwan wancan ɓangaren. Ramukan sun cike da yashi, sandunan tuta an mayar da su dirkar rumfa. Na aika maka da Iliya bara cewa bishiyar tana jin jiki. Na riƙa kai mata ruwa a bido bisa kabu-kabu, da gwiwa ta ƙi sai na riƙa aika mai amalanke. Amma babbar bishiya da ta saba da tiyo dare da rana, me bido zai yi mata? Ganyen ya bushe daga ƙasa yana hawa. Na yi ta sa rai sanyi zai farfaɗo da ita, har ranar da iska ta taso na je na tarar da ita kwance a kan baƙin yashin da kake ja. Na zauna a kan gangar jikinta na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

To ga abin da ya rage. Tun da na ga alamun ba za ta kai ba, na lura da ɗiya guda a gindinta mai 'yar saiwa. Na aro baramin, ƙarfen haƙa, na cire ta yadda na ga kana yi, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na dasa a tsakar gidana inda ruwan alwala yake kwarara. Hajiya uwargidana ta ce ban taɓa yi wa 'ya'yanta rabin wannan hidimar ba. 'Yar dabinon ta daɗe shiru kamar ta mutu. A makon nan sabon ganye ya leƙo daga tsakiyarta, kore shar, tsawon ɗan yatsa.

Yara suna ta matsa mini in koma gida Damagaram tunda aiki ya ƙare. Na ce musu ba yanzu ba, ba a tuge dashe sau biyu.

Furenka na rataye shi a ɗaki inda rana ba ta kaiwa. In na shiga ƙamshinsa nake fara ji, sai in ga kamar yanzu za ka yi sallama da butar shayi a hannu. Kada ka wahalar da Iliya baɗi, 'yar dabinon yarinya ce, ba ta isa aure ba, kuma da sauran shekaru. Ni da kai wataƙila ba za mu ɗanɗana ba. Roƙona ɗaya ne. Na san ku masu garka, in namiji ya tsufa yana shan ruwa ba ya ba da 'ya'ya, sare shi kuke yi ku yi azara. Ka sa a kama hannunka a kai ka gindin wanda kake aiko mini furensa, ka dafa shi a gaban ɗanka, ka ce wannan ba na sara ba ne, akwai mai jiransa a Arlit. Ni ma na nuna wa Rakiya da mijinta yadda ake ɗaurin.

Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta maka tarin nan, ya bar ruwa a rijiyarka. Allah ya jiƙan waɗanda muka ja yashi tare suka riga mu, ya sa mu gana, ko a nan ko a inda inuwa ba ta ƙarewa.

Naka har kullum,
Mamman Sani, direban ruwa, Arlit.